Rigar Bai-ɗaya

Ƙofar ba ta da ƙyaure. Wani baka ne kawai na farin ƙarfe da aka kafa a bakin Makarantar 'Yan Mata ta Tudun Haske, yana wani siririn guna kamar ƙudan zuma a cikin tulu. 'Yan mata suna saukowa daga jirgin dogon da ke tafiya a kan gada, suna hira suna tsokanar juna, wata baƙa, wata fara, wata mai wushirya, wata mai tabo a goshi. Duk wadda ta sa ƙafa a ƙarƙashin bakan sai rigarta ta ɗauki haske. Cikin ƙiftawar ido launin toka ya lulluɓe ta tun daga ka har tafin ƙafa, fuskarta ta koma wata fuska mai santsi, ba kyau ba muni, irin ta duk wadda ta riga ta shiga. Dariyar da ta faro a waje sai ta ƙarasa ta a ciki da wata murya daban, muryar kowa.

Injiniya Lawandi Tanko yana tsaye a gefe, hannayensa a baya, yana kallo. Shi ya ƙera ƙofar, shi ya ƙirƙiro rigar, shi ya sa mata suna Rigar Bai-ɗaya. Yau kwamitin ilimi na birnin zai zo ya gani da idonsa, ya yanke shawarar ko za a sa wa dukkan makarantu ita ko a tsaya a wannan guda ɗaya da ake gwaji.

Yadin rigar ba auduga ba ne. Zaren haske ne, siraran igiyoyi ɗauke da ƙananan fitilu da ke samun wuta daga ɗumin jikin mai sanye da su. A waje riga ce kamar kowace, doguwa mai haɗe da lulluɓi. Idan ƙofa ta aiko mata da sigina sai fitilun su farka su zana hoto guda a kan jiki da fuska. A wuyanta akwai 'yar na'ura kamar ƙwayar wake, wadda ke karɓar murya ta tace ta, ta cire karin harshen ƙauye da na birni, ta cire rawar murya da in'ina. A ƙirji lamba ce ke fitowa, kuma lambar kullum sabuwa ce. Kwamfutar makaranta kaɗai ta san wace lamba ce ta wa. Malamai lamba suke koyarwa, lamba suke ba maki. Tsayi ne kawai ya gagari Lawandi, shi ma yana kan aikinsa.

Kafin zuwan rigar an daɗe ana ka-ce-na-ce a Tudun Haske kan tufafin makaranta. Wasu sun ce yunifom tsohon yayi ne, a bar yara su sa abin da iyayensu suka ga dama. Wasu sun ce in aka bar su, makaranta za ta koma gidan biki, 'yar mai hali ta zo da leshi, 'yar marar hali ta ɓuya a bayan aji. An yi gardama kan tsawon hijabi, an yi kan launi, an yi kan takalmi. Lawandi yana sauraron duka yana ganin ba wanda ya taɓo inda ciwon yake. Shi ma ya sa yunifom tun yana yaro, irin na kowa, fari da shuɗi, amma nasa ya koɗe, kuma akwai faci a bayan wandon wanda mahaifiyarsa ta yi da wani yadi da bai dace ba. Mai-faci suka riƙa kiransa har ya gama firamare. Tun daga lokacin ya san yara ba sa buƙatar abu mai yawa kafin su gane wa ya fi wa.

Shi ya sa bai tsaya a yadi ba. Da ya daidaita riga sai yara suka koma kallon takalmi, ya rufe takalmi. Suka koma kan kitso da 'yan kunne, ya rufe su. Suka koma kan haƙora da hasken fata, ya rufe fuska. Suka koma kwaikwayon maganar waɗanda suka taso daga ƙauye, ya rufe murya. Duk ƙofar da ya toshe sai mugunta ta leƙo ta wata, shi kuma ya bi ta da sabon zare.

Matarsa Hansatu ba ta taɓa yarda da aikin ba. Akwai ƙofar gwaji, ta farko da ya ƙera, a tsaye a bakin ɗakin aikinsa a gida, da maɓallin kashewa a jikinta. A kan ƙofar Hansatu take shanya ɗankwalayenta.

“Gara ta yi wani amfani,” takan ce. “Kai dai ramuwa kake yi, Injiniya. Yaran da suka kira ka Mai-faci sun tsufa, ka rasa su, shi ne ka kama 'ya'yan mutane kana shafe musu fuska.”

Yakan yi dariya, ya cire ɗankwalin, ita kuma ta mayar.

Hansatu ta rasu bayan damina, bayan 'yar gajeriyar jinya. Da aka yi sadakar arba'in danginta suka zo suka kwashe tufafinta, aka raba wa 'yan'uwa, sauran aka bayar sadaka, kamar yadda aka saba. Lawandi bai nemi a bar masa komai ba. Ya ji kunyar nema. Ya koma bakin aiki, gidan da ke hawa na sama a dogon benen unguwar ma'aikata ya rage daga shi sai 'yarsu Suwaiba, wadda ke aji biyu a makarantar da ake gwajin.

Suwaiba ce 'yar fari, kuma ita kaɗai ce. Lawandi ya taso a gidan da uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya zura masa ido. Ilimin injiniya bai raba shi da wannan ba, bai ma taɓa ganin akwai abin rabuwa da shi ba. Tun ranar da ya sunkuya ya yi mata huɗuba a kunne bai sake furta sunanta ba. “Ki gaya wa yarinyar nan ta rage karatu a kwance,” haka yakan ce wa Hansatu, alhali yarinyar tana zaune a wurin. Hansatu ta juya ta ce, “To kin ji babanki,” su yi dariya su biyu, shi kuma ya ɓoye tasa a bayan kofin shayi. A haka suke son juna, kuma yana isarsu, domin akwai wadda ke kai saƙo ta dawo da amsa.

Da ta tafi sai saƙon ya rasa mai kaiwa. Lawandi ya koma ga Ɗan-aike, na'urar da ke kula da gidan, mai magana ta bango.

Ko a safiyar yau haka aka yi. “Ɗan-aike, gaya wa yarinyar nan ta karya kafin ta fita.”

Bango ya kai saƙo, ya dawo ya ce, “Ta ce ta ƙoshi.”

Ya ji an buɗe ƙofa an rufe. Bayanta kawai ya hango.

Motar kwamiti ta iso ba direba, ta tsaya, mutane suka fito. A gaba akwai Hajiya Lantana, shugabar ƙungiyar iyaye, tsohuwar mai ɗinki wadda ta shekara tana yaƙar rigar a duk taron da aka kira. Ta ci ado da atamfa mai ruwan goro kamar da gayya.

“Injiniya, ina kwana? Yau ne za ka nuna mana aljanun naka?”

“Barka da zuwa, Hajiya. Ba aljanu ba ne, 'ya'yanku ne.”

“To wacce ce jikata a ciki? Nuna mini ita in ka isa.”

“Ai amfanin abin ke nan. Ba mai iya nunawa.”

“Ni kuwa nan nake ganin cutar,” in ji ta, ta wuce ta ƙarƙashin bakan tana hararar sa.

Shugabar makarantar, Malama Tasalla, ta zaga da su azuzuwa. Ko'ina tsit, layi-layi na fuska guda tana kallon allo. A ɗakin cin abinci suka tarar da 'yan mata suna ci kowacce ita kaɗai, domin ba wadda ta san ko ta kusa da ita ƙawarta ce ko wadda suka yi faɗa jiya.

“Tun da aka kawo rigar nan,” in ji Malama Tasalla, “ba a kawo mini ƙarar an yi wa yarinya gori da talaucin ubanta ba. Ko sau ɗaya. Ba malamar da za a ce ta fifita 'yar wane. Maki ya hau.”

“Madalla,” in ji Hajiya Lantana. “An kawo miki labarin wata ta yi sabuwar ƙawa?”

Malama Tasalla ta dubi Lawandi.

“Suna haɗuwa a waje, Hajiya,” in ji shi. “Makaranta wurin karatu ne.”

“Ni a makaranta na samu wadda muke zumunci har yau. Ranar da na fara ganinta kuka take yi a bayan aji, na ba ta rabin ƙosaina. Waɗannan in ɗaya tana kuka, wa zai gani?”

“In tana kuka ba wanda zai yi mata dariya,” in ji Lawandi. Wasu daga cikin 'yan kwamitin suka gyaɗa kai. Ya daɗe da tanadar wannan amsa, kuma ya yarda da ita har zuciyarsa.

Aka tara ɗalibai a babban zaure domin kwamiti ya gan su gaba ɗaya. Rana ta ɗaga, zauren ya ɗauki zafi. Lawandi ya hau dandamali ya fara bayanin yadda zaren ke aiki. Yana tsaka da magana ya ji Hajiya Lantana ta yi wata 'yar dariya.

“Injiniya, tsaya. Rigarka ta yi faci.”

Kalmar ta soke shi a inda bai yi zaton akwai sauran ciwo ba. Ya bi yatsanta da kallo. A layi na tsakiya, a wuyan wata ɗaliba, launin tokar yana rawa, wani kore-kore yana leƙowa yana ɓacewa kamar fitilar da ke shirin mutuwa.

Ya san abin da ke jawo haka. Baƙon yadi ne a ƙarƙashin rigar, mai zaren ƙarfe a jiki, wanda gumi ya jiƙa har ya fara rikita siginar fitilun. A farkon gwaji 'ya'yan masu hali sun riƙa shigo da mayafai masu tsada a ɓoye suna nuna wa juna a banɗaki. Shi da kansa ya rubuta dokar da ta kawo ƙarshen abin: duk baƙon yadin da aka kama, ko na wace ce, za a jefa shi a injin sake-saƙa da ke gefen dandamali. Injin yakan warware yadi ya wanke launinsa ya mayar da shi zaren sababbin riguna. Ɗalibai suna kiransa Haɗiyau.

Malama Tasalla ta kira lambar. Ɗalibar ta fito a hankali, ta hau dandamali ta tsaya.

“Fito da shi,” in ji shugabar.

Yarinyar ba ta motsa ba.

“Ba ki ji ba ne? Baƙi na kallonki.”

Ta sa hannu ta wuyan rigar ta jawo shi. Ɗankwali ne kore mai ratsin zaren zinariya. Malama Tasalla ta karɓa ta miƙa wa Lawandi, domin shi ne mai doka kuma shi ake kallo.

Kafin idonsa ya gama ganewa hancinsa ya riga ya gane. Humra ce da turaren wuta, haɗin da mace ɗaya ce a duniya take yin sa haka. Rigar ta rufe fuska, ta rufe murya, amma bai taɓa tunanin ƙamshi ba. Ya juya gefen ɗankwalin, ga 'yar ƙunar nan inda garwashin kasko ya taɓa fallatsa. Sau nawa ya cire wannan ɗankwali daga kan ƙofar gwaji, aka mayar? Ashe ba duka dangi suka kwashe ba. Ashe akwai wadda ba ta ji kunyar ɓoye guda ba.

Ya ɗaga kai. Fuskar toka tana kallonsa, ba fushi ba roƙo, domin rigar ba ta san yadda ake zana su ba.

“Don Allah, Malam,” in ji muryar kowa. “Na mahaifiyata ne. Ta rasu.”

Ba ta ce Baba ba. Doka ta hana ɗaliba bayyana kanta, kuma ko babu doka, ba a gaban mutane za ta fara kiransa ba.

Hajiya Lantana ta tashi tsaye, duk tsokanar ta bar muryarta.

“Allah ya jiƙan ta, 'yata. Injiniya, mayar mata da abinta. Wannan ba ado ba ne. Marainiya ce.”

“Doka ba ta ware kowa ba, Hajiya,” in ji wani daga cikin kwamitin. “In aka bar wannan, gobe kowacce za ta zo da labari.”

“To ku tambaye ta ko 'yar wace ce, ku tabbatar.”

“In aka tambaya an karya gwajin,” in ji Malama Tasalla a hankali. Ita ma ba ta san wace ce ba. Duk zauren mutum biyu ne suka sani.

Lawandi yana riƙe da ɗankwalin, tunani yana gudu a kansa. Yana iya cewa a ajiye shi a ofis a ba ta in an tashi. Ba wanda zai zarge shi, da yawa ma za su ji daɗi. Ya duba zuciyarsa ya tarar da wani abu da ya tsorata shi: da 'yar wani ce, da ya riga ya faɗi haka. Da ya ce doka don mutane aka yi ta, ya miƙa mata kayanta, ya yi mata ta'aziyya. Amma tasa ce. A gidan da ya taso, in yara suka yi laifi tare, naka kake fara duka, kuma shi kake fi duka, don kada a ce ka fifita jininka. Kuma kwamfuta ta san lambar. Wata rana wani zai duba, a ce mutumin da ya shafe fuskokin 'ya'yan mutane don kada a fifita kowa, ranar farko da doka ta taɓa gidansa ya lanƙwasa ta. Duk yaron da ya taɓa sa wando mai faci ya san wannan labari, ya san yadda doka ke laushi in ta iso ƙofar manya.

Ya tambayi kansa ko adalci ne yake shirin yi ko kunya ce ta sa rigar adalci. Mutane kuwa suna jira.

“Rigar ba ta tambayar ko 'yar wace ce,” ya ce. Muryarsa ta fita daidai, har ya yi mamaki.

Ya taka zuwa injin, ya buɗe bakinsa, ya saki.

Haɗiyau ya yi guna. Ta gilashin gefensa ana ganin koren yana warwarewa, zare-zare, yana shiga ruwan wanki. Ta ɗaya ɓangaren wani siririn zaren toka ya fara naɗuwa a jikin ƙarfe. Ba a ɗauki lokaci ba.

Ɗalibar ta tsaya har injin ya yi shiru. Sannan ta sauka ta koma layi. Lawandi ya bi ta da ido, amma wata ta gifta, wata ta matsa, da ya sake dubawa bai san wacce ba ce.

Kwamiti ya zauna a ofishin shugaba bayan azahar. Abin da ya faru a zaure shi ya rinjayi masu shakka. Suka ce sun ga doka da ba ta da ɗan gida, irin wadda birnin ya daɗe yana nema. Hajiya Lantana kaɗai ta ƙi ɗaga hannu. Aka amince daga sabon zango kowace makaranta a Tudun Haske, ta maza da ta mata, za ta sa Rigar Bai-ɗaya.

A bakin ƙofa ta tsaya kusa da shi tana gyara mayafi.

“Ka ci nasara, Injiniya. Na ji an ce kai ma kana da 'ya, kuma an yi muku rashi. Allah ya sa duk wanda za ta faɗa hannunsa ya fi ka tausayi.”

Ya ce, “Amin.”

Bai koma ofis ba. Ya hau jirgin dogo ya zauna a gefen taga, birnin yana wucewa a ƙasa, rufin gidaje cike da faifan hasken rana, jiragen aike marasa matuƙi suna kai da kawo a tsakanin benaye. Saƙonnin taya murna suna ta shigowa wayarsa. Ya kife ta a cinya. Da ya kai hannu zai shafa fuska sai ya ji ƙamshin yana nan a yatsunsa. Ya sauke hannun a hankali, ya riƙe shi da ɗayan kamar wanda ya ƙone.

Rana ta yi ƙasa lokacin da ya shiga gida. Takalmanta suna bakin ƙofa.

“Ɗan-aike,” ya ce, “gaya wa yarinyar nan...” Ya tsaya. Bai san abin da za a gaya mata ba.

“Tana falo,” in ji bango.

Ya shiga. A kan tabarmar da Hansatu take zama, ɗaliba ce zaune, launin toka daga ka har ƙafa, fuskar nan mai santsi tana kallon ƙasa. A bayanta ƙofar gwaji tana guna. Ta kunna ta, ta bi ta ƙarƙashinta.

Ya zauna a kujera.

“Ki cire,” ya ce daga baya. “An tashi daga makaranta.”

“Ka gane ni,” in ji muryar kowa. Ba tambaya ba ce.

“Na gane ki.”

“Tun kafin ka jefa?”

“Tun kafin.”

Ta gyaɗa kai. “Na ga ka shinshina. Na ce a raina shi ke nan, Baba ya gane, ba abin da zai faru.” Na'urar wuyan ta tace maganar tas, ba ta bar rawa ko kaɗan a ciki ba. “Kullum da shi nake zuwa tun da ta tafi. A aji in na sunkuyar da kai ina jin ƙamshinta. Na yi ta kuka a makarantar nan, ba wadda ta taɓa ce mini sannu. Ba laifinsu ba ne, ba su gani ba.”

“Ban sani ba.”

“Ba ka tambayi Ɗan-aike ba.”

Ya so ya yi mata bayani. Yana da bayani mai tsawo, na faci da gori da dokar da ba ta da ɗan gida, kuma duk gaskiya ne. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne wanda ya fi sauran zama gaskiya.

“Da 'yar wani ce, da na bar mata.”

Ta ɗago kai. “Na sani. Shi ya sa na sa rigar. Ga ni nan, 'yar wani.”

Sai a lokacin ya lura da abin da yake yi. Yana kallonta kai tsaye, ido cikin ido, ba ya kawar da kai. Kunyar da ta hana shi tsawon rayuwarta ta tafi, domin babu fuskar da za a ji wa kunya. Ya yi ƙoƙarin tuno wadda ke ƙarƙashin hasken. Ya san goshin Hansatu ne da ita, haka mutane suke faɗa. Ya san ƙeyarta, ya san tafiyarta daga baya, ya san sautin rufe ƙofarta. Amma ko tana da tabo a kunci, ko idonta na ƙanƙancewa in ta yi dariya, ya nema ya rasa. Fuskar tokar nan kuwa ya san ta sarai. Shi ya zana ta da hannunsa, ya ɓata watanni yana gyara hancin don kada ya yi kama da na kowace ƙabila.

“Suwaiba,” ya ce.

Sunan ya fito da ƙyar, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Kafaɗunta suka motsa. Ko kuka take yi, ko numfashi kawai ta ja, rigar ba ta nuna ba. An yi ta ne don kada ta nuna.

Maɓallin kashewa yana jikin ƙofar gwaji, taku kaɗan daga inda yake zaune. In ya danna, hasken zai mutu, ya ga abin da ya yi. Ya miƙe har ya kai hannu, sannan ya tsaya. Ya riga ya ƙwace mata abu ɗaya yau a gaban jama'a ba da yardarta ba. Wannan lulluɓin shi ne abin da ya rage mata, kuma shi ya ba ta shi.

“Zan jira,” ya ce. “Duk lokacin da kika ga dama.”

Ta mayar da kanta ƙasa.

Daga masallacin da ke ƙasan benen aka kira magariba. Lawandi ya nufi wurin alwala, ya tsaya a gaban famfo. Ya kai yatsunsa hanci. Ƙamshin ya ragu amma yana nan, humra da turaren wuta, abu na ƙarshe da ya rage na Hansatu a gidan. Sauran yana can naɗe a jikin ƙarfe, zare mai launin toka, za a saƙa shi a rigar wata yarinya a wata makaranta, wadda ba za ta taɓa sani ba, kuma ba wanda zai taɓa gane ta.

Ya daɗe tsaye hannunsa a sama, famfon yana jira. Ladan ya kai ƙarshen kira. A falo ƙofar gwaji tana ta gunanta.

Ya yi bisimilla, ya tara hannu, ruwa ya zubo.